Agwagwar Marigayiya da Dokar Ciyaman

Akwai wani tela da ke zaune a rukunin gidajen nan masu haɗe da juna, inda in maƙwabcinka ya yi atishawa kai ne za ka ce masa sannu ta bayan katanga.

Matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yara sun girma sun watse. Abu mai numfashi da ta bar masa a tsakar gida agwagwa ce guda, fara mai baƙin wuya. Marigayiyar ce ta sa mata suna Sufeto, domin ba gidan da ba ta shiga ta duba bayan kicin.

Tela na taka keke a shagon da ke jikin gidansa, Sufeto na kwance gefen ƙafarsa tana jan zare. Har hira yake mata. Wanda bai taɓa rasa nasa ba zai ce taɓin hankali ne. Mu da muka rasa mun san ba haka ba ne.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da shugaban kwamitin unguwar, wani tsohon ma'aikacin ofis da ba ya amsa gaisuwa sai an ce Ciyaman. Har matarsa ya so ta riƙa kiransa haka, ta ce ba da ita ba.

Da koke ya yi yawa a kan kiwo, aka kira taro. Aka yarda keji ya yi nesa da tagar maƙwabci, a riƙa share shi kullum, kuma zakara ɗaya ya ishi kowane gida. Kowa ya gamsu. Sai Ciyaman ya miƙe ya gyara tabarau. Shi dama yana da jiƙaƙƙiya da Sufeto, tun ranar da ta bar masa tsaraba a cikin takalmin fita.

"Saura ɗaya," in ji shi. "Duk kaza ko agwagwar da ta taka cikin gidan wani, ta zama ta mai gidan. Ba roƙo, ba ban haƙuri."

Wani direba da ba ya iya riƙe bakinsa ya ce, "Yallaɓai, ko da ta yi sallama?"

Aka kwashe da dariya, aka ɗaga hannu. Tela ma ya ɗaga, don kunya.

Daga ranar ya riƙa ɗaure ƙafar Sufeto da ƙyalle a jikin keken. Wata rana yana auna wani mai babban ciki, igiyar awo ta ƙi zagayowa, hankalinsa ya tafi can. Kafin ya juyo sai ƙyalle a ƙasa. Sufeto ta bi ramin kwatar da ke gindin katanga. An same ta tana wanka a bahon da aka jiƙa fararen kayan Ciyaman.

Tela ya je har ƙofa, ya cire takalmi, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, na yi laifi. Kayan ni zan wanke, in ma sabbi kake so in ɗinka maka. Amma ka ba ni ita. Ta marigayiya ce."

"Malam Tela, doka ba ta san marigayiya ba. Da hannunka ka ɗaga ko da na aro?"

"Da nawa."

"To ka gani. Ranar Asabar abokan aikina na dā za su zo cin abinci. Za ta yi kyau a faranti."

Matar Ciyaman ta leƙo daga kicin. "Haba Baban yara, ka ji tsoron Allah ka ba bawan Allah abarsa."

"Ke, maganar kwamiti ce wannan, ba ta kicin ba."

Ciyaman ya cusa Sufeto a kejin bayan gida, cikin wasu manyan kaji jajaye. Kajin kuwa ba nasa ba ne. Na surukarsa ne, ta bar su amana ta tafi wajen ɗanta. Tsohuwar nan in ta bugo waya sai ta gama tambayar kaji ɗaya bayan ɗaya kafin ta tuna tana da jikoki.

Tela ya koma shago. Ranar ya ɗinke bakin aljihun wando, ya sa hannun riga a baibai. Direba ya shigo ya tarar da shi yana farkewa.

"Baba Tela, katangar nan fa ko akuya ta haura ta. Ka ce min to kawai."

"A'a ɗana. Na ɗaga hannu a gaban mutane. Ba zan zama ɓarawo a kan abina ba."

"To sai ka zauna a soya ta?"

Tela ya ci gaba da farke aljihu.

Asabar da safe ya fito tsakar gida ya kwaɓa dusa a tsohon kwanon marigayiya, ya ƙwanƙwasa gefensa da cokali kamar yadda take yi in za ta kira Sufeto. Hannu ne ya saba. Sai da ƙarar ta fita ya tuna ba mai zuwa. Ya tsaya riƙe da kwano kamar an dasa shi.

Sai ya ji kururuwa ta bayan katanga. Wani abu ya faɗa cikin ruwa, tinjim! Muryar matar Ciyaman ta biyo baya: "Rufe kejin! Baban yara, rufe kejin mana! Wa ya ce ka buɗe ƙofa gaba ɗaya?"

Tela ya kalli gindin katanga. Farin kai ya ɓullo ta ramin kwata. Sufeto ce, ta karkaɗe jiki ta nufo kwano tana rangaji. Bayanta jar kaza ta fito. Wata ta biyo. Wata ma. Ashe Ciyaman ya hana a zuba wa keji abinci tun jiya, wai don cikin agwagwa ya yi tsabta kafin yanka. Kaji da yunwa suka ga wadda ta san hanya, suka rufa mata baya. Zakara ne ya fito ƙarshe, ya hau turmi ya yi cara kamar an ba shi gidan.

Ba a jima ba Ciyaman ya faɗo gidan Tela, wando sharkaf da ruwan bahon da ya faɗa, tabarau a karkace, wuƙa a hannu. Rabin unguwa na bayansa. Direba na gaba.

"Jama'a, a tuna mana," in ji direba. "Duk kaza ko agwagwar da ta taka cikin gidan wani, ta zama ta wa?"

"Ta mai gidan!" aka amsa baki ɗaya.

"Ba roƙo?"

"Ba ban haƙuri!"

Matar Ciyaman ta kutso da waya a tafin hannu. "Ga Mama a layi. Ta ce a kara mata wayar a keji, tana so ta ji muryar kajinta. Ni ban iya ƙarya ba, karɓi ka yi mata bayanin kwamiti."

Ciyaman ya kalli wayar kamar an miƙo masa garwashi. Ya juya ga Tela, murya ta yi laushi.

"Malam Tela. Baba Tela. Ai mu 'yan'uwa ne, katanga ɗaya..."

"Ranka ya daɗe, ajiye wuƙar nan tukuna. Kana tsorata min kajina."

Dariya ta hana wasu tsayuwa. Ciyaman ya ajiye wuƙa a ƙasa, gumi na bin ruwan da ke jikinsa.

Tela ya bari kajin suka cinye dusar tas. Sannan ya ce, "Kwashe su ka mayar. Na san yadda ake ji in an raba mutum da abin da aka bar masa. Ba zan so wa tsohuwa haka ba." Ya dubi Sufeto. "Agwagwar fa? Baƙinka na hanya."

"Wace agwagwa?" in ji Ciyaman da sauri. "Ni ban taɓa ganin agwagwa ba. Baƙi su ci wake."

Haka ya riƙa jigilar kaji a hammata, yana fita ta ƙofar Tela yana shiga tasa, matarsa na biye da waya tana cewa, "Kin ji su ko, Mama? Motsa jiki suka fita." Kafin azahar an sauya dokar: abin da ya shigo maka ka mayar wa mai shi, shi kuma ya zo da tsintsiya ya share ɓarnar.

Da ya dawo ɗaukar kazar ƙarshe, sai ga ta kwance a kwandon ƙyallaye, ta saki ƙwai mai ɗumi. Ciyaman ya miƙa hannu. Tela ya riga shi.

"A'a Yallaɓai. Uwar taka ce. Wannan kuwa a gidana aka haife shi."

Darasi: Kafin ka kafa wa mutane doka, ka auna ta a jikinka ka ga ko za ka iya numfashi a ciki. In wanda ya hana ka tausayi ya faɗo hannunka, ka nuna masa abin da ya kasa nuna maka. Ku tura wa maƙwabtanku, musamman masu son a kira su Ciyaman.