Farar Safar Hannun Hasmukh

Akwai wani maƙwabcinmu a birnin Surat mai suna Hasmukh, ɗan kasuwar yadi. Da girmansa kuɗi suka same shi, kuma tun da suka same shi ba mu sake jin ya yi magana a hankali ba.

Kowa da abin da yake tarawa idan ya samu. Shi azurfa ya zaɓa, ba irin ƙananan kwandalolin da ake ba yara lokacin biki ba. Manya-manya yake saye, kowace faɗinta ya kai gurasa, nauyinta kilo guda, fuskarta na ɗaukar ido kamar madubi, a rufe cikin gidanta na roba mai garai-garai.

Idan ka kuskura ka shiga gidansa shan shayi, to ka shiga uku. Sai ya zura farar safar hannu, ya ɗora azurfar a sikeli, ya goga mata maganaɗisu don ka ga ba ta kama shi, sannan ya ɗaga ta a kan yatsunsa ya ƙwanƙwasa da ɗan sanda.

"Ji kukanta! Ta jabu ba ta yin wannan kukan."

Shayinka ya huce, shi bai gama ba. Ka miƙa hannu kuwa, sai ya daka maka tsawa: "Kul! Gumin hannu ɓata ta yake yi."

A gidan akwai mahaifiyarsa, Kantaben, wadda duk layinmu ke kira Ba, wato Mama. Da ɗinkin duwatsu a jikin sari, zanen da matanmu ke ɗaurawa, ta raine shi bayan rasuwar mijinta, har idonta ya raunana. Ɗakinta yana saman bene, kuma shi kaɗai ne danshin damina ba ya kaiwa. Hasmukh ya daɗe da sa wa ɗakin nan ido.

"Ba, danshi yana baƙanta mini azurfa a ƙasa," in ji shi.

"Ni ma yana cin gwiwoyina, ɗana," in ji ta. Maganar ta tsaya a nan, amma ba ta fita daga ransa ba.

Sai Dhanteras ta zo, ranar da babbar mace a kowane gida take wanke azurfar gidan da madara don neman albarkar shekara. Hasmukh ya yi sammakon zuwa kasuwar maƙera sayo wata sabuwa, ya manta mukulli a jikin kabad.

Tsohuwar ta ga mukulli, ta ji daɗi. A ganinta ɗanta ya tuna da ita ne, ya bar mata aikinta. Ta sa wuƙa ta ɓalle gidajen robar ɗaya bayan ɗaya. Ta wanke azurfar da madara, ta dirje ta da toka da tsamiya kamar yadda uwarta ta koya mata, ta ɗiga wa kowace jan gari, ta jera su a tire da furanni. Sannan ta zauna tana jiran a yaba mata.

Ihun da Hasmukh ya yi da ya dawo, har mai rake na bakin titi ya ji. Fuskar madubin nan duk ta ƙarje.

Matarsa Jigna ta ce, "Ai nauyinsu bai ragu ba."

"Rufe mini baki! Sheƙin ne darajarsu!" Ya juya kan tsohuwar. "Ke kuma wa ya aike ki? Wannan hannun naki duk abin da ya taɓa sai ya ɓata shi!"

"Albarka na nema maka, ɗana."

"Riƙe abarki."

Kafin la'asar ya sa an sauko da katifarta da akwatinta zuwa ƙarƙashin matakalar bene, inda ake zuba takalma, dab da ƙofar banɗaki. Azurfa ta hau sama, aka kunna mata na'urar busar da iska. Ƙarfe ya samu ɗaki mai taga, uwa ta samu lungu. Tir da wannan lissafi.

Washegari na shiga kai musu alewar biki, na tarar da abin da har yau ban manta da shi ba. Tsohuwar ta zame a ruwan da ke gangarowa daga banɗaki, tana kwance a ƙasa, zanenta ya jiƙe da dauɗa, tana kiran sunan ɗanta.

Ya fito, ya dube ta, ya koma ciki. Na ɗauka taimako zai kira. Ashe safar hannunsa ya je ɗaukowa. Ya zura ta, ya ɗaga uwarsa yana kawar da fuska, ya dire ta a katifa. Sannan ya zare safar da ƙarshen yatsu ya jefa a kwandon shara.

Jiya yana sa safa don kada hannunsa ya ɓata azurfa, yau ya sa ta don kada uwarsa ta ɓata masa hannu. Ranar ban iya cin abinci ba.

Tsohuwar ta gyara kwanciya a katifar. Na dai ga idonta a kan kwandon.

Ranar sabuwar shekara, dangi gidan da babba yake suke cikawa. Don haka da safe Hasmukh ya sa Jigna ta yi wa tsohuwar wanka, aka ɗaura mata sabon sari, aka zaunar da ita a babbar kujerar falo. Kusa da ita ya girka akwatin gilashi, sabuwar azurfarsa na walƙiya a ciki.

Gida ya cika. Kowa ya zo ya ce "Sal mubarak," wato barka da sabuwar shekara, ya sunkuya ya taɓa ƙafar Ba, ita kuma ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ta dafa jikoki, ta dafa surukai, har mu maƙwabta ta dafa.

Hasmukh ya matso yana washe baki, ya sunkuya don mutane su gani.

Tsohuwar ta sa hannu a gefen zanenta, ta zaro farar safar nan, da tabon dauɗar a jikinta. Ta zura ta a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta ɗora hannun a kansa.

Ƙanwarsa Daksha, wadda ta zo daga gidan mijinta, ta ce, "Ba, mene ne wannan kuma?"

"Yayanki ya ce hannuna yana ɓata abu. Da ita ya ɗaga ni da na faɗi. Ban so in ɓata masa kai."

"Ina kika faɗi?"

"Can wajen kwanana."

Daksha ta nufi bene, Jigna ta sunkuyar da kai ta nuna mata ƙarƙashin matakala. Da ta dawo, akwatin uwarta na hannunta.

Hasmukh ya sha gabanta. "Daksha, tsaya mana, na ɗan lokaci ne, kafin in gyara..."

"Kauce, Yaya. Ga madubanka can, je ka duba fuskarka, in za ka iya."

Ta kama hannun Ba da hannunta, suka fita. Dangi suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka bar kofunan shayi a cike. Babu wanda ya ko kalli akwatin gilashin.

Daga baya ya je gidan Daksha ban haƙuri, ba sau ɗaya ba. Tsohuwar takan karɓe shi, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta sa a zuba masa. Amma duk lokacin da ya sunkuya, sai ta naɗe hannuwanta cikin zane. Wasu sun ce fushi ne. Ni na fi zaton tsoro ne, maganar ta riga ta zauna mata. Haka ta bar duniya bai ƙara jin tafin hannunta a kansa ba.

Yanzu duk safiyar sabuwar shekara, ƙofar ɗan ƙaramin gidan Daksha takan cika da takalma har kan titi. Daga saman benen Hasmukh kuma sai mu ji azurfa tana kuka, ta gaske ce, ba jabu a cikinta. Ƙofarsa ba ko takalmi ɗaya.

Darasi: Hannun da ya wanke maka kashi kana jariri bai sa safa ba, don haka kada ka ji ƙyamarsa ranar da ya tsufa. Azurfar da ta ƙarje ana goge ta, amma maganar da ka ƙarje zuciyar mahaifiyarka da ita ba lallai ka samu lokacin goge ta ba. In taka tana raye, je ka kama hannunta yau, sannan ka tura wannan labari ga wanda kaya suka fara fi masa mutane daraja.