Ranar Cire Zaren Malam Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da asibiti yake baƙo, sunansa Malam Nomau, maɗinkin hula. Wani ƙari ya fito masa a tafin hannun dama, aka yi masa aiki, aka ɗinke, aka naɗe da bandeji. Likitan mutum ne mai zafi. Ya ce, "Malam, mako biyu kada ruwa ya taɓa hannun nan. In ka jiƙa shi, kada ka dawo mini, ka nemi wani."

Wani kuwa babu, jama'a. Likita ɗaya ne a duk yankin.

To, ku saurara. Malamai sun faɗa masa shafa a kan bandeji ta isar wa mai alwala, amma zuciyarsa ta ƙi natsuwa. Rana ta biyar ya ɗaga bakin bandejin ya ɗiga ruwan buta. Rana ta shida ya ƙara. Sai hannu ya fara zogi, yatsu suka yi suntum. Tsoro ya kama bawan Allah, tsoro na gaske. Ya kalli hannun ya tuna maƙwabcinsa da aka yanke wa ƙafa.

Ranar cire zare ta zo. Sallau, mai wankin ciwo a asibitin, ya warware bandeji, wari ya tashi. Likita ya leƙa, ya juya kan Sallau. "Kai ne! Ba ka dafa kayan aikinka ba ka taɓa masa ciwo. Ajiye, ka bar aikin nan yau!" Sallau magidanci ne mai 'ya'ya biyar.

Ku duba wurin nan da kyau. In Malam Nomau ya yi shiru, za a kori Sallau a yi masa magani. In ya buɗe baki, kun ji abin da aka faɗa masa. Hannun da yake ciyar da iyali ke nan fa.

Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Likita." Ya sake cewa, "Likita, ba laifinsa. Ni na zuba ruwan alwala."

"Ka manta abin da na ce maka?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Wallahi tsoro nake ji. Amma in na tsira da hannun nan a kan zaluntar Sallau, wane hannu zan ɗaga in roƙi Allah?"

Can likita ya ce, "Sallau, miƙo almakashi." Aka tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, aka matse ruwan ciwo, Malam Nomau ya cije bakin rigarsa yana salati, hawaye na zuba. Hannu ya warke, amma ƙaramin yatsa ya sandare har ƙarshen rayuwarsa. Sallau bai rasa aikinsa ba.

Jama'a, in shari'a ta yi maka sauƙi, karɓi sauƙin, kada ka fi malamai sani. Amma babban darasin shi ne wannan: mai gaskiya ma yana jin tsoro, sai dai ba ya barin wani ya ɗauki laifinsa. Kai da kake zaune nan, wa ake zagi yau a gidanka ko a shagonka saboda ka yi shiru? Ka san shi, ka san sunansa. Tashi daga nan ka je ka wanke shi.