Miyar Baban Keziya

Akwai wani mutum a wani gari, yana da mata da 'ya guda, sunanta Keziya. Matar ta tafi ƙauyensu jinyar mahaifiyarta, ta bar shi da yarinyar. Mutumin nan kuwa ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Saboda haka safe da yamma yakan kama hannun 'yarsa su tafi rumfar wata mai abinci a bakin tasha. Su ci tuwo, shi kuma ya miƙe ƙafa yana hira da direbobi.

Ana nan sai bukin ƙauna ya matso a ikilisiyarsu, wato ranar da kowane gida yakan dafo abinci a haɗa a ci tare. Uwar zumuntar mata ta ce masa, "Baban Keziya, tun da maman ba ta nan, bana an ɗauke maka." Amma girman kai rawanin tsiya. Ya buga ƙirji a gaban jama'a ya ce, "Gidana bai taɓa zuwa hannu wofi ba. Miyar agushi zan kawo, da nama."

Niyyarsa ya sa mai abincin nan ta dafa masa. Kullum in ya zauna a rumfarta sai hira ta ɗauke shi, ya ce gobe zai faɗa mata. Rana kuwa ba ta ƙarya. Da safiyar Lahadin bukin ya zo a guje, ya tarar ba ta hura wuta ba, tana wanke tukwane.

Ya ce, "Mama, ba sauran agushi?"

Ta ce, "Akwai na shekaranjiya, na manta ban ɗumama ba. Ya yi tsami har yana kumfa. Zubarwa zan yi."

Ya ce, "Ba ni, zan kai wa kare."

Ta dube shi, gama ba ta san shi da kare ba, amma ta juye masa.

Ya kai gida, ya roƙi garwashi a maƙwabta, ya ɗora miyar. Ya zuba manja, ya zuba daddawa da barkono har warin ya ɓuya. Sa'an nan ya juye ta a kular matarsa mafi kyau. Ya ce a ransa, "Mutane da yawa ne, kowa ɗan kaɗan zai taɓa. In ma cikin wani ya murɗa, wa zai san daga ina?" A hanya ya ja kunnen 'yarsa ya ce, "Kada ki ci daga kular gidanmu. Kin ji ko?"

To, ikilisiyar nan tana da wata al'ada wadda maza ba su cika lura da ita ba, domin sukan ajiye kula ne a bakin ƙofa su wuce. Matan zumunta sukan juye abincin kowa a kwanukan ikilisiya, duka iri ɗaya, don kada a gane na mai hali da na gwauruwa. Kuma yara ne sukan fara ci.

Da aka tashi sujada mutumin ya fito, sai ga yara zaune a kan tabarmi ƙarƙashin mangwaro. Ya nemi kularsa da ido, ya hango ta can gefe, an wanke an kife. Gidaje da dama sun kawo agushi, ga kwanukansa nan birjik, ba wanda ya bambanta da wani. Keziya kuwa tana zaune a tsakiyar yara, kwano guda a gabanta, ta riga ta wanke hannu.

Ya lallaɓa ya yafito ta. Uwar zumunta ta gan shi ta ce, "Haba, Baban Keziya, bar ta ta ci da 'yan'uwanta."

Fasto ya ce, "Mu yi addu'a." Kowa ya rufe ido, ban da shi. In ya yi shiru, wataƙila kwanon da ke gaban 'yarsa lafiyayye ne, wataƙila kuma miyarsa ce a ciki. In ya yi magana, sunansa ya ɓaci a garin nan. Fasto ya gode don damina, ya gode don hannuwan da suka dafa. Mutumin ya ji addu'ar tana gangarowa ƙarshe, ya ga yatsun 'yarsa sun kai bakin kwano.

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku tsaya! Kada kowa ya taɓa agushin nan!"

Kowa ya buɗe ido ya dube shi. A gaban manya da yara ya faɗi abin da ya yi. Aka kwashe agushin duka aka zubar, har da na matan da suka tashi tun asuba suka dafa nasu da zuciya ɗaya. Yara suka ci tuwo da miyar kuka, ba wanda ya kwanta ciwo.

Da jama'a suka fara watsewa, uwar zumunta ta kawo masa kularsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mun gode da ka yi magana. Amma da 'yarka ba ta cikinsu fa?"

Ya karɓi kular, ya kama hannun 'yarsa suka tafi gida.

Ma'anar wannan misali ita ce: tabarmar nan ikilisiya ce, abincin kuma shi ne duk abin da muke kawowa cikin zumunci, maganarmu da aikinmu da halinmu. Miyar ita ce ruɓaɓɓen abin da muke rufewa da manja, gulma ko ƙarya ko aikin ganin ido, muna cewa ai wasu ne za su sha. Amma a gidan Allah kwanukan iri ɗaya ne. Abin da ka zuba wa 'ya'yan wasu, ba ka da ikon hana shi isa bakin naka.

Mutumin ya yi daidai da ya zaɓi kunya, kuma Ubangiji yana karɓar mai tuba ko a ƙurarren lokaci. Sai dai abin da ke ba ni tsoro shi ne, tun daga gida har bakin ƙofar ikilisiya yana ɗauke da kular nan, ya san yara za su ci, zuciyarsa ba ta motsa ba. 'Yan'uwa, kowane yaro da ke kan tabarmar nan Keziyar wani ne. Kada ka jira sai ka ga taka a gaban kwano.