Minti Ashirin na Hansai

Abdul-Basit mutum ne mai kyauta da son zumunci, duk Hausawan unguwar Catford sun shaida. Aibinsa ɗaya ne: in dai ya girme ka, to maganarka ba ta shiga kunnensa. Shi ne babba a gidansu, kuma a ganinsa babba babba ne ko a kan sitiyari.

Wata Asabar bayan azahar aka shirya gasar go-kat, ƙananan motocin tseren nan masu aiki da batir, a wani ƙaton sito da aka kewaye da tayoyi. Awa guda cur za a yi. Kowace ƙungiya mutum uku, kowa minti ashirin. In lokacinka ya cika, 'yan ƙungiyarku za su ɗaga maka allo ka shigo gefe, sannan na gaba ya hau wata motar mai cikakken caji ya ci gaba. Ƙungiyoyi uku na farko kaɗai za su je wasan ƙarshe.

Ƙungiyar Abdul-Basit ita ce shi, da abokinsa Saani, ɗan zangon Kumasi mai tuƙin bas, da ƙanwarsa Hansai, ma'aikaciyar jinya. Wata huɗu Hansai ta yi tana atisaye, duk ranar hutunta tana wurin, har ta san kowace kwana kamar hanyar kicin ɗinsu. Shi ya sa aka ajiye ta ta rufe tseren. Abdul-Basit ya yarda da baki, amma a ransa dariya yake yi.

Aka kunna koriyar fitila, motoci goma sha biyu suka zabura lokaci guda. Saani ya yi tuƙinsa na direban bas, a natse, ya miƙa tseren suna na biyar. Abdul-Basit ya faɗa tasa motar ya take totur. Kai, ranar ya yi tuƙi! Ya shige na huɗu a kwanar farko, ya matse na uku a gindin wata gada da hanyar tseren ke hawa, tayoyi na ƙara, 'yan kallo na dukan ƙarfen baranda. Na biyu ya kauce, na ɗaya ya buɗe kwana da yawa, sai ga Abdul-Basit a gaba. Daɗi ya cika shi har yana ihu shi kaɗai cikin hular kwano.

Daidai nan minti ashirin ɗinsa suka cika. Hansai ta ɗaga allo, ta riga ta cusa hijabinta cikin rigar tsere, ta sa hularta, tana ta tsalle don murna. Ya gan ta sarai. Amma zuciyarsa ta raya masa, yanzu da ya kamo gaba zai damƙa wa yarinyar da shi ya koya wa hawan keke? Ya ɗaga mata hannu alamar ta jira, ya wuce fuu.

Ta sake ɗagawa a zagaye na gaba, da na gabansa. Saani ya leƙo ta kan shinge yana kwarara murya: "Massa, ka shigo! Time ɗinka ya yi finish, batir ba ya kai ka!" Ko waiwaye bai yi ba.

Saura minti biyar a tashi, yana hawan gada, motar ta yi sanyi. Ya danna totur har ƙasa, ita kuwa sai rarrafe. Waɗanda ya wuce ɗazu suka riƙa shige shi ɗaya bayan ɗaya. Ya so ya lallaɓa zuwa gefe, amma motar ta mutu a can ƙarshen sito. Kafin ma'aikata su turo shi, an kaɗa tutar gama tsere. Su ne na goma sha ɗaya.

Ya fito yana faɗa, wai an ba shi ruɓaɓɓiyar mota. Hansai na tsaye inda take tun ɗazu, motarta a gabanta cike da caji, ko zama ba ta yi a ciki ba. Ta cire hular a hankali, idonta ya yi ja.

"Yaya, ba faɗuwar ce ta dame ni ba," in ji ta. "Da na shiga na zo ta ƙarshe, da na san ni na kasa. Wata huɗu ina practice, ka hana ni ko zagaye ɗaya."

Kunya ta rufe shi. Ta mayar wa ma'aikata da hular, ta fita ta hau bas ita kaɗai. Ya ba ta haƙuri daga baya, ta kuma yafe. Amma da gasa ta zagayo, da wata ƙungiyar ta sa sunanta.

Darasi: girman kai rawanin tsiya ne. Shekaru suna sa a girmama mutum, amma ba sa ba shi ikon cinye rabon na ƙasa da shi. In an yi alkawarin karɓa-karɓa, ka sauka lokacin da naka ya cika, ko da kai ne a gaba. Wanda ya ƙi, zai rasa nasarar, ya haɗa da amincewar ɗan'uwansa.