Sarkin da Ya Ci Gonar Gana

An yi wani mutum a ƙasar Damagaram da ya gaji rawanin ubansa, ƙauyuka tara a ƙarƙashinsa. Ba sai an faɗi sunansa ba.

Kowa ya san al'ada: in ruwan shuka ya sauka, talakawa kan ba sarki yini guda a gandunsa. Shi sai ya mai da shi kwana huɗu. Ya 'yan uwa, wace laima ce ke jiran mutum kwana huɗu a jigawa?

Akwai wata tsohuwa, Gana, mijinta ya rasu ya bar mata gona da ɗa guda, Isma'ila. Duk shekara ruwa na sauka dogarai su tasa Isma'ila gaba. Ita ta ja sungumi da ciwon bayanta, kafin ta kai rabi ƙasa ta bushe. Isma'ila ya gaji, ya tafi haƙar zinariya arewa, shiru har yau. Damina biyu gonar ba ta ga iri ba.

Sai sarki ya aiko wai gonar da aka bari ta yi saura ta koma hannun sarauta.

Gana ta je fada ta zube ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya hana a shuka ta? Ba kai ka kore min ɗa ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Iya, in an yi girbi ki zo kala, ba mai hana ki."

Ta hau mota har jastis, wato kotu. Aka ce ina takarda, ina shaidu. Takarda, a gonar kaka da kakanni? Shaidun kuwa duk suna duƙe a gandun sarki.

Allah bai manta ba. Maza suka watse, gandu ya koma sabara. Wata ranar kasuwa sarki ya faɗi a zaure, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Yana kwance 'ya'yansa na faɗa kan rawani a gabansa.

Liman ya ce a kira waɗanda ya zalunta, ko sa yafe. Gana ta zo ta tsaya kansa.

"To, ga ni. Faɗa gaban liman cewa gonar tawa ce, in yafe maka."

Ya kafa mata ido, ya yi ta yunƙuri, yawu kaɗai ke zuba. Ta jira har la'asar. Babban ɗansa ya ce, "Kowa ya ji, Baba bai ce komai ba." Ta saka takalmanta ta fita.

Bayan kwana uku sarki ya cika. Gonar na hannun ɗan, Gana na surfe a gidajen mutane.

Ya 'yan uwa, hakkin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Wanda ya riƙe na wani ya mayar tun harshensa na motsi. Kai kuma da ka gada, wutar ubanka kake nomawa.

Allah ya bi wa mai rauni hakkinsa, ya kiyaye mu da mutuwa da kayan mutane. Amin.