Takwarar Bakwainiyar Bashari

To, ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Labarin yau daga cikin abin da kuke ta latsawa ya fito, don haka kada wani ya ce tsoho ya kawo zancen zamanin fatake. In na gama sai kun yanke mini hukunci, ba mai tashi, ko da shayin nan zai huce.

A Tudun Baure, can gabas inda bazara ke sa akuya neman inuwar bango tun da hantsi, akwai wani magini mai suna Bashari da matarsa Zuwaira. Sun daɗe da aure, ciki yana zuwa yana zubewa, har mutane suka daina tambaya. Wanda ya tsaya daga ƙarshe bai cika watanninsa ba. Zuwaira ta haifi 'ya mace bakwainiya, 'yar mitsitsiya, in aka ɗora ta a tafin hannun ubanta sai ka ga da sauran wuri. Likita ya ce sai an sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin nan da ke riƙe wa jariri ɗumi daidai da na cikin uwa. Ya kuma gargaɗe su kada a kuskura a ɗauke ta a mota zuwa babban asibitin birni, domin ba za ta kai ba. Ran yarinyar nan ya rataya ke nan a kan kwalbar asibitin garin.

Kwalba biyu ce a asibitin. Ɗaya 'yar ƙasar waje ce, fara sol, amma ta daɗe a lungu an lulluɓe ta da zani. Wani ɗan ƙarfe ne ya lalace a cikinta, masu gyara na gari suka samo irinsa suka sa, ta ƙi tashi. Manhajar da ke tafiyar da ita a kulle take, ba ta karɓar hannun kowa sai na kamfanin da ya ƙera ta, shi kuwa kamfanin ko waya ba ya ɗauka. Ni dai abin nan yana ba ni haushi har gobe: ka sayi abu ya zama naka, amma ba ka da ikon leƙa cikinsa. Ɗayar kuma ƙirar gida ce, masu walda da masu haɗa sola suka haɗa ta, ba ta da kyan gani ko kaɗan. A cikinta aka sa 'yar Bashari.

Ku tsaya in bayyana wa waɗanda ba su sani ba, kada su yi ta gyaɗa kai a banza. Manhaja umarni ne a rubuce da na'ura ke bi. Wani in ya rubuta tasa sai ya ɓoye rubutun, kamar mai tsiren da zai ba ka nama amma ba zai taɓa gaya maka abin da ya zuba a yajinsa ba. Wani kuma sai ya baje rubutun a fili, ya ce kowa ya karanta, kowa ya yi aiki da shi, kowa ya gyara, kowa ya ba wani, da sharaɗi ɗaya: in ka gyara za ka raba wa jama'a, kai ma ka bar naka a buɗe. Wannan ita ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Wasu suna tsammani arha ce kawai ake nufi. A'a, 'yanci ake nufi.

To, mata uku ne a labarin nan, kuma ba wadda ta taɓa ganin fuskar 'yar'uwarta.

Ta farko ita ce Barira, 'yar Jos, injiniya. Ita ta rubuta manhajar da ke cikin kwalbar ƙirar gida, tun tana ɗaliba, bayan da ƙanwarta ta rasa jariri saboda sanyi. Da abin ya yi kyau, wani ɗan kasuwa ya zo ya ce ta kulle rubutun su riƙa sayarwa tare. Ta ƙi. Kawunta ya yi ta faɗa, ya ce an kashe wahala an ilimantar da ita ta zo tana rabon hankalinta kamar goron biki. Ta saurare shi da ladabi, ta tashi ta sa manhajar a intanet, da zanen yadda ake haɗa akwatin, kowa ya ɗauka. Da haka kwalbarta ta shiga ƙauyukan da ko sunansu ba ta taɓa ji ba. Amma fa Barira ta yi kuskure, irin wanda sai ɗan Jos zai yi. Ita a duniyarta sanyi ne abokin gaba. Sai ta rubuta cewa in ma'aunin zafi ya nuna ya haura digiri arba'in, to ba gaskiya ba ne, ma'aunin ne ya lalace, na'ura ta yi watsi da shi ta ci gaba da nuna lambar da ta gani a baya. Wanda ya tashi yana sa rigar sanyi har a watan azumin bazara, ina zai yi zaton ɗaki zai kai haka?

Ta biyu ita ce Suwaiba, nas ɗin ɗakin jarirai a Tudun Baure. Rana ta take a kan rufin kwano, ɗakin ya zama kamar tanda, amma allon kwalba yana nuna komai lafiya lau. Ranar farko ita ma ta yarda da allon, ta wuce. Washegari da azahar ta sa hannu za ta gyara wa jaririyar kwanciya, sai ta ji jikinta zau, numfashi sama-sama, ko motsin kirki ba ta yi. Ta dubi allo, allo ya ce lafiya. Ta dubi yarinya, ta ce wa allon ƙarya kake yi. Nan take ta ciro ta, ta kai ta inda iska ke ratsawa, ta yi ta shafa mata ɗan ruwa har jikin ya sauka. Zuwaira tana gefe ta ce, «Sista, don Allah ki gaya mini gaskiya, ita ma tafiya za ta yi?» Suwaiba ta ce, «Ki yi ta addu'a, 'yar'uwa. Ni dai ba zan zauna ba.»

Ciro ta ya tsare ranta na wannan yinin kawai. Bakwaini ba ya jure hawa da saukar zafi. Da rana wuta, da asuba sanyi, dole a mayar da ita kwalba, kwalba kuwa ta zama abin tsoro. Da wata ce, sai ta kashe na'urar ta ja bakinta ta yi shiru, in an tambaya ta ce kayan gida ne, daman ba su da tabbas. Suwaiba ta tuna masu haɗa kwalbar sun nuna mata wani zaure a intanet inda masu aiki da manhajar ke haɗuwa. Ba ta san ko harafi ɗaya na rubutun na'ura ba, amma ta san abin da idonta ya gani. Ta ɗauki hoton allon, ta sa ma'aunin zafi na hannu a cikin akwatin ta ɗauki hotonsa shi ma, ta rubuta da Hausarta tsaf: ga abin da allo ke cewa, ga abin da ke akwai, ga lokacin da yake faruwa, kuma akwai rai a ciki. Ta sa sunanta da na garinsu da lambar wayarta, ba ta ɓoye ba, ko da za a ce ita ta yi sakaci jiya.

Ta uku ita ce Shafa'atu, mutuniyar Damagaram. Ta karanta ilimin kwamfuta, aiki bai samu ba, ta kama sana'ar ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Da ta ga manhajar Barira a buɗe, sai ta ce abin da ya iya riƙe wa jariri ɗumi ai zai iya riƙe wa ƙwai. Ta ɗauka ta juya ta yadda ta dace da ita, ba wanda ya hana ta, domin haka tsarin yake. Bazarar bara ƙwanta suka dahu luguf a cikin akwati, allo yana ta cewa lafiya. Ta yi kuka ta share hawaye, ta buɗe rubutun ta bi shi layi-layi har ta kamo inda Barira ta ƙaryata ma'auni. Ta gyara wurin. Ta ƙara da cewa in zafi ya haura, na'ura ta yi ƙara, ta kuma kunna fanka ta jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen buhu, irin yadda randa ke sanyaya ruwa. Zabinta suka yi ta fitowa, na maƙwabta suna mutuwa. Sai dai ba ta mayar da gyaran zaure ba. Ƙa'ida ba ta tilasta mata ba tunda a gidanta kaɗai take aiki da shi, ita kuma tana ganin wa zai kula da gyaran mai ƙwai a cikin zancen asibiti.

Tana cikin ba zabi ruwa da yamma saƙon Suwaiba ya shigo wayarta. Tana ganin hotunan nan biyu ta saki bokitin. Ta san ciwon, ta san maganin, kuma ta san in ta fito da shi duk masu ƙyanƙyasa na Damagaram za su samu, fifikon da take da shi a kasuwa ya tafi. Ko tsayawa lissafi ba ta yi ba. Ta baje gyaran a zaure, ta kira Suwaiba ta ce, «Yaya, ki nemo buhun algarara mai tsabta da kebul ɗin waya. Duk abin da na ce ki danna, ki danna.» Barira ma ta gani daga Jos. Ba ta tsaya kare kanta ba. Ta rubuta a gaban kowa cewa kuskurenta ne, ta duba gyaran Shafa'atu da idon wadda ta san ƙirar ciki da waje, ta rage ƙarfin fankar da ke cikin kwalbar domin jariri ba ƙwai ba ne, sannan ta ce a sa.

Suwaiba ta sa gyaran, ta jiƙa buhun. Ta gwada akwatin ba kowa a ciki, ta nuna wa likita, ya sa hannu ya ji, ya ce a mayar da yarinya. Da rana ta sake takewa, sai na'ura ta yi ƙara, fanka ta tashi da kanta, allo ya faɗi gaskiya karo na farko. Bashari da ya kwana biyu a bakin ƙofa bai ci abin kirki ba ya leƙa ta gilashi, ya ga 'yarsa ta miƙe ƙafa, ta yamutsa fuska, ta tsala kuka. Jama'a, kukan jariri ba abin daɗi ba ne, amma wannan ya fi kiɗan kalangu. Ƙato guda mai ɗaukar bulo biyu a hannu ɗaya ya durƙusa a barandar asibiti yana hawaye yana hamdala, bai damu da wanda ke kallonsa ba. Ni kaina duk sa'ad da na zo nan a labarin sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Abin bai tsaya a Tudun Baure ba. Barira ta shigar da gyaran cikin uwar manhaja, ta aika wa duk inda aka san akwai kwalbarta cewa su sabunta. Kafin mako ya zagayo, saƙo yana ta shigowa daga garuruwa masu zafi: mu ma allonmu haka yake yi, mun gyara, mun gode. Jarirai nawa aka tsamo ta haka, Allah kaɗai ya sani. Ita kuwa farar kwalbar nan tana lungunta da zaninta.

Ana gobe suna, yarinya ta fara karɓar nonon uwarta a cokali, Bashari ya sayo rago da goro. Tsoro ya hana shi zaɓen suna tun ranar haihuwa, yanzu kuwa ya rantse sai ya yi wa wadda ta ceci 'yarsa takwara. Nan gida ya rabu. Zuwaira ta ce Suwaiba, domin hannunta ne ya ji abin da na'ura ta ɓoye, kuma da ta yi shiru da ba wanda zai sani. Wan Bashari ya ce ai kuwa kwana guda ta yi tana gaskata allo. Shi Shafa'atu ya zaɓa, wadda ta ba da abin da take ci da shi. Gwaggonsu ta ce ita ma wannan ai shekara guda ta yi tana zaune a kan magani. Ita gwaggo Barira ta zaɓa, domin da ta kulle rubutunta, da babu kwalbar, babu abin da nas za ta kai ƙara, babu abin da mai zabi za ta gyara. Zuwaira ta ce to ai ita ce ta yi kuskuren tun farko. Gwaggo ta ce ƙwarai, kuma ita ce ta bar ƙofa a buɗe har aka gan shi.

Bashari ya kira su ukun a waya ko za su raba masa gardama, suka ƙara dagula masa lissafi. Barira ta ce a sa Suwaiba. Suwaiba ta ce a sa Shafa'atu. Shafa'atu ta yi dariya ta ce ita mai ƙwai ce, a sa Barira. Kuma kada wani mai wayo a cikinku ya ce a jera mata suna uku. Liman ya riga ya ce suna ɗaya zai raɗa.

Gari ya waye, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro, mahauci ya kama rago. Liman ya karkato da kunnensa wajen Bashari yana jira.

To, ku da kuke zaune, ku gaya mini: tsakanin wadda ta buɗe, da wadda ta gani ta faɗa, da wadda ta gyara ta bayar, sunan wace ce ya fi cancanta Bashari ya raɗa wa liman?