Gandiroban da Ya Ƙirga Bargo

Akwai wani gandiroba mai suna Almustapha, mutumin Jandutsi, da ya shekara talatin yana aiki a wani ƙaramin gidan yari da ba sai na kama sunansa ba. Gwiwoyinsa sun gaji, kakinsa ya koɗe, maganar ƙarin girma kuwa ya daina ma tambaya.

Abu ɗaya ya rage masa na taƙama, shi ne ba a taɓa tsere masa ba. Safe da yamma yakan tsaya a bakin ƙofar kowane ɗaki, ya leƙa, ya ƙirga kawuna da ɗan yatsa, ya rubuta a littafi. Minti goma ya gama.

Cikin waɗanda ke tsare akwai Hafizu, manomin albasa daga Andarai. Rikicin iyakar gona ya kawo shi, wata takwas ke nan yana jiran shari'a, ga shi da ciwon suga. Duk Juma'a mahaifiyarsa, Inna Tasalla, takan hawo mota daga Maiyama da kwanon kwaɗon zogale, don an ce mata shi ya fi dacewa da ciwon.

Ba ta taɓa tafiya ba ta tsaya wurin Almustapha ba.

"Malam, ga amana nan. Yaron ga ba shi da lahiya, kuma ba shi hwaɗi. Ka riƙa duba min shi."

"Kwantar da hankalinki, Inna. Kullum sau biyu nike ganin shi."

A nasa lissafin, gaskiya ya faɗa.

Da damina ta kankama sai aka turo takarda, za a yi wa gandirobobi kwas na kwana uku a Aliero. Almustapha ya yi tsaki. Ya san kwas ciki da bai: a sa hannu, a ci shinkafa, a karɓi takardar shaida a jefa a akwati.

Mai koyarwar wata jami'a ce, Malama Khairiyya, wadda a haife ya haife ta. Ranar farko ta ce musu, "Don Allah ku daina ƙirga bargo. In kun zo ƙirga, ku kira suna, ku jira a amsa. Wanda bai amsa ba, ku shiga ku duba shi."

Almustapha ya ɗaga hannu daga kujerar baya.

"Ɗiyata, tun ba a haihe ki ba nike ƙirgan ga. Ko mutum guda bai taɓa ɓace min ba."

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi.

"Baba, ban ce ba ka iya ba. Amma ba tserewa kaɗai ke raba mu da mutum ba. Gobe za mu yi alamomin ciwo, ina roƙo kowa ya zauna har ƙarshe."

Washegari ya je, ya sa hannu, ya sulale. Ya wuce Jega ya zauna a rumfar wani abokinsa mahauci suna hira har la'asar. Ni dai ban ga mugunta a zuciyarsa ba. Gajiya ce, da kuma sabo, wanda aka ce turken wawa ne.

Bayan mako uku, wata Alhamis, aka wayi gari da ruwa. Almustapha ya tsaya a ƙofar ɗaki na huɗu ya ƙirga. Mutum ashirin da biyu, cif. Na ashirin da biyun yana can lungu, lulluɓe da bargo har kai.

Wani daga cikin 'yan ɗakin ya ce, "Oga, Hafizu hwa bai tashi ba."

"Bar shi, sanyi na," in ji Almustapha. Ya rubuta, ya wuce.

Sai wajen azahar aka yaye bargon. Hafizu ya jiƙe sharkaf da gumi, bai san wanda ke kansa ba. Aka ruga da shi asibiti, amma kafin la'asar rai ya yi halinsa. Likita ya ce sugansa ne ya faɗi, kuma da tun safe aka kawo shi, da wataƙila an yi dace.

Waliyyu, abokin aikin Almustapha da ya zauna kwas har ƙarshe, ya ce a hankali, "Wanga shi na abin da Malama tak koya muna rana ta biyu. Gumi cikin sanyi, da barcin da ba a tashi."



Aka duba littafi, aka ga ƙirga daidai. Babu wanda ya tuhumi Almustapha, ko takardar gargaɗi ba a ba shi ba. Wannan ya fi komai ci masa rai.

An yi ta kiran lambar gidan su Hafizu ba ta shiga. Saboda haka da hantsin Juma'a sai ga Inna Tasalla da kwanonta, kamar yadda ta saba. Shugaban gidan ya shigar da ita ofis ya gaya mata. Ta yi salati, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da ta fito sai ta nufi Almustapha a bakin ƙofa.

Ya zaci zagi ne. Wallahi da zagin ya fi masa sauƙi.

"Malam," in ji ta, "kai da kag gane shi jiya da sahe, ya ce maka wani abu? Ya ambace ni?"

Ƙarya guda za ta wadatar, kuma ba mai ƙaryata shi. Amma bakinsa ya ƙi.

"Ban gane shi ba, Inna. Bargo nig gani."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye kwanon a gabansa.

"A ba 'yan ɗakinsu."

Ta juya ta tafi.

Da aka sake buɗe kwas, Almustapha da kansa ya je ya roƙi a sa sunansa, ya zauna a kujerar gaba da furfurarsa. Yanzu ƙirgansa minti arba'in yake ɗauka, abokan aiki har mita suke yi. Sai ya kira suna, ya jira a amsa. A ɗaki na huɗu kuwa, ko kowa ya amsa, sai ya shiga ya leƙa lungun nan.

Darasi: Daɗewa a aiki ba shi ne gama sani ba, kuma gemu ba ya hana ilimi. Idan an tura ka horo, ka zauna har ƙarshe, ko da mai koyarwar sa'ar 'yarka ce, domin darasin da ka tsallake yana iya zama ran wani. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar mutane, a gidan yari ne, a asibiti ko a makaranta.